Maganar da Saje Sila Ya Gajarta

A Manga aka haifi Sila, a wani gida da ke jingine da dutse, wajen shekarar 1950. Ya tashi kamar sauran yaran Dakarkari na zamanin, da noma da kokawa da farautar gafiya idan rani ya yi. Ya fara golmo a gonar iyayen Saloma, wato noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata, sai yaƙin basasa ya ɓarke. Motar ɗaukar soja ta zo Zuru, ya hau tare da samarin unguwarsu, ƙannensa suka ƙarasa masa golmon. A ƙasar Zuru wannan ba labari ba ne. Da wuya ka shiga gida ba ka ga hoton wani da kaki a bango ba.

Ya daɗe a soja. Ya zauna a barikin Kaduna da na Inugu, an tura shi Laberiya, ya dawo da raunin harsashi a cinya da igiya uku a kafaɗa. A bariki ya koyi Turanci, irin wanda ake ba da oda da shi. A can kuma aka yi masa allurai ba adadi. A jera su a layi, a ce kowa ya naɗe hannun riga, a tsira a wuce. Ba a taɓa gaya masa ta mece ce ba, shi ma bai taɓa tambaya ba, kuma ga shi da ransa. Da ya yi ritaya ya dawo Manga ya koma wa dawa da gyaɗa. A coci shi ke zaunar da mutane ran Lahadi, idan ya ce a matsa sai a matsa. Kowa Saje yake ce masa, ban da Saloma da ke kiransa Baban Japhet.

Bayan gonarsa akwai rugar Fulani da ta daɗe a wurin. Cikin mutanen rugar akwai Hammadu. Mahaifinsa abokin Sila ne, kuma ko bayan rasuwarsa Hammadu bai fasa kawo shanu su kwana a gonar bayan girbi ba. Matarsa Hamdiyya ita ke kawo wa Saloma nono, takan zauna a inuwar rumbu ta huta kafin ta wuce kasuwa. Ita da Hammadu sun yi shekaru da aure ba haihuwa. Saloma ba ta taɓa tayar mata da zancen ba.

A daminar 2004 zazzaɓin cizon sauro ya kashe Goodness, jikar Sila, yarinyar da ba ta kai shiga makaranta ba. An ba ta ƙwayoyin da aka saba saye a kemis, ba su yi mata komai ba. Sila da kansa ya haƙa kabarin, ya hana kowa ya karɓi digar.

Da wata daminar ta zagayo, wasu ma'aikatan lafiya suka zo daga wata jami'a ta kudu suka sauka a ɗakin shan maganin ƙauyen. Shugabarsu wata mace ce siririya mai tabarau, Dakta Beatrice. Ba ta jin Hausa, balle Dakarci, kuma mutanenta ma gaisuwa kawai suka iya. Mai gari ya ce ai ga Saje, yana jin harsunan uku, kuma mutane na jin maganarsa. Haka ya zama tafintansu.

Ranar farko, masu zazzaɓi sun cika baranda har ƙarƙashin bishiyar mangwaro. Dakta Beatrice ta tsaya a bakin ƙofa ta yi magana da Turanci a hankali, tana duban Sila.

"Ka gaya musu wannan gwaji ne. Akwai maganin da aka saba da shi, akwai sabo da muke son mu ga ko ya fi shi. Ƙuri'a ce za ta zaɓi wanda mutum zai samu, ko ni ba ni da iko a kai. Ba mu gama sanin illar sabon ba. Mai ciki ba za ta shiga ba. Wanda ba ya so ya faɗa, za mu duba shi mu ba shi maganin da aka saba, ba abin da zai rasa."

Sila ya ji duka, ya kuma gane duka. Ya dubi mutanen. Akwai mata masu goyo da yara kwance a tabarma suna rawar ɗari. Ba a daɗe da rigimar allurar shan inna ba, kowa a tsorace yake da maganin baƙi. Ya san idan kalmar gwaji ta fito daga bakinsa, rabinsu za su naɗe tabarma. Ya gyara tsayuwa ya ce da Dakarci, sannan da Hausa, "An kawo magani mai ƙarfi na zazzaɓi, kyauta ne. Kowa ya shiga layi, ya dangwala yatsa a takarda, ya sha abin da aka ba shi."

Dakta ta ce, "Shi ke nan? Na yi magana mai tsawo, Saje."

"Harshenmu gajere ne, Madam."

Ta ɗan dube shi ta saman tabarau. Hadari na haɗuwa, wani yaro ya fara amai a layi. Ta juya ta shiga ciki, aka fara aiki.

Da ya koma gida, Saloma ta tambaye shi abin da matar ta ce da gaske, domin ta ga bakinta ya daɗe yana motsi. Ya gaya mata.

"To don me ba ka faɗa musu haka ba, Baban Japhet?"

"Su gudu su je su mutu a gida? Da an kawo wannan bara, da Goodness na nan tana wasa a tsakar gidan nan."

Saloma ta ci gaba da tankaɗen garinta.

Makonni suka wuce, mutane na warkewa. Ana tare Sila a hanya ana yi masa godiya kamar shi ya haɗa maganin. Ya riƙa zuwa da tsohuwar rigarsa ta soja a goge, yana jera layi da sandar hannu, yara gaba, manya baya.

Cikin watan Agusta Hamdiyya ta daina kawo nono. Saloma ta leƙa ruga ta tarar da ita kwance, jiki zafi, an jiƙa mata sassaƙe ba ta iya riƙe shi a ciki. Sila ya je da kansa ya sami Hammadu yana ɗaure maruƙa.

Hammadu ya ce, "Baba Saje, ni ban yarda da mutanen nan ba. Mi suka kawo?"

"Magani ne kawai, irin na asibiti. Ni nake tsaye a wurin. Ka taɓa jin na cuce ku, kai ko ubanka?"

"A'a, Baba."

"To ka ɗauko ta."

Hammadu ya kawo ta a kan keke, ya tsaya kusa da ita a layi, maza na gaba da baya. Aka tsaga mata yatsa aka ɗiga jini, aka ga zazzaɓin ne. Ka'idarsu ita ce a gwada fitsarin duk macen da ta isa haihuwa, amma kayan gwajin sun ƙare, motar da za ta kawo wasu kuma ruwa ya cinye mata hanya. Dakta ta ce wa Sila ya tambaye ta ko tana da ciki, ko tana zaton tana da shi, da kuma yaushe ta ga al'adarta.

Sila ya ji nauyin tambayar. Matar ɗan abokinsa ce, ga mijinta a tsaye. Ya kau da kai ya ce, "Ba wata matsala ko?"

Hamdiyya ta sunkuyar da kai ta ja mayafi.

Sila ya ce wa Dakta da Turanci, "Babu, Madam. Wannan ba ta taɓa haihuwa ba ma."

Hammadu ya dangwala yatsa, ita ma aka kama nata aka dangwala. Ƙuri'a ta ba ta sabon maganin. Ta sha a gabansu, aka ƙulle mata sauran.

Bayan 'yan kwanaki, da hantsi, Sila na shara a bakin ɗakin shan magani sai ga Saloma tana sauri, zaninta duk laka. Ta ja shi gefe ta yi magana da Dakarci, murya ƙasa ƙasa.

"Hamdiyya na zubar da jini tun safe. Ciki ne da ita, ya kai wata uku. Ba ta gaya wa kowa ba, ko mijinta."

Sila ya jingine tsintsiyar. Ya shiga ya faɗa wa Dakta. Ba ta tsaya tambayar komai ba, ta ɗauki jaka ta ce a tayar da mota. Motar ta kasa kaiwa ruga saboda taɓo, sai da aka ɗauko Hamdiyya a kan ƙyauren kara zuwa bakin hanya. A ɗakin shan magani suka sa mata ruwa, Saloma na riƙe da hannunta. Kafin azahar cikin ya zube. Jinin ya tsaya, ita ta tsira.

Dakta ta fito tana goge hannu, ta kira Sila bayan ginin.

"Me ka tambaye ta ran nan? Faɗa mini kalmomin da ka yi amfani da su."

Ya faɗa mata.

"Ranar farko fa, da na yi wa jama'a bayani?"

Ya faɗa mata wannan ma. Ya tsaya ƙyam, hannuwa a gefe, yadda ya saba tsayawa gaban hafsa. Ta cire tabarau ta riƙe a hannu.

"Ke nan duk mutanen da suka dangwala yatsa, babu wanda ya san gwaji ne."

"Babu, Madam."

"Na ga alama tun ran nan. Na ƙyale."

Ba su gama ba suka ji hayaniya a gaba. Labari ya kai ruga cewa maganin baƙi ya zubar wa matar Hammadu ciki. Ardo, ƙanin mahaifin Hammadu, ya zo da mazan rugar da na wasu rugage biyu, kowa da sandarsa a kafaɗa. Ba su yi ihu ba, sun dai tsaya sun tare hanyar mota. Samarin Manga da ke dawowa daga gona suka hango Fulani sun kewaye inda Saje yake, su ma suka taho da fartanyu da adduna, suka tsaya ta ɓangaren mangwaro. Tsakanin ɓangarorin biyu fili ne da bai wuce faɗin tsakar gida ba. Ma'aikatan Dakta suka shige ɗaki suka sa sakata. Direba ya ce a bi ta baya a sulale.

Dakta ta ce ba inda za ta. Ta ce wa Sila, "Zan yi musu magana. Ba ni da wani baki sai kai. Abin da na faɗa shi za ka faɗa."

Suka fito baranda. Duk wurin ba wanda ke jin Turancinta sai shi. Da ya ga dama sai ya ce zazzaɓi ne ya yi ɓarnar, Dakta na ba da haƙuri, kuma ba mai ƙaryata shi. Ya ji tsohon rauninsa na cinya yana zugi. Kafin ta fara, ya juya wajen samarin Manga ya ce musu da Dakarci, da muryar fareti, kowa ya ajiye abin da ke hannunsa a ƙasa ya zauna. Wasu suka zauna. Wani mai adda ya ƙi, sai da Sila ya kira sunan ubansa.

Dakta ta fara, tana tsayawa bayan kowace magana. Sila na mayarwa da Hausa.

"Ta ce abin da ake yi a nan gwaji ne na sabon magani. Ta ce ba a gama sanin illarsa ba."

Aka fara gunaguni ta ɓangarorin biyu, domin samarin ma 'yan'uwansu sun sha.

"Ta ce kowa yana da damar ya ƙi, kuma da ya ƙi, da an ba shi tsohon magani duk da haka. Ta ce mai ciki ba a ba ta. Ta ce bai kamata ta ba Hamdiyya ba tunda ba ta da abin gwada fitsari, wannan laifinta ne."

Dakta ta tsaya a nan. Ba ta ambaci sunansa ba. Sila ya ci gaba, wannan karon ba fassara yake ba.

"Duk wannan ta faɗa tun ranar farko, ta ce in gaya muku. Ni ne ban faɗa ba. Ta ce in tambayi yarinyar ko tana da ciki, ban tambaye ta yadda za ta gane ba."

Hammadu ya fito daga bayan Ardo ya tako har gindin baranda. Idanunsa sun yi ja. Sandar na hannunsa na dama, ya riƙe ta ta tsakiya. Wani saurayi a gindin mangwaro ya miƙe, Sila ya ɗaga masa hannu ba tare da ya waiwaya ba. Sannan ya sauko daga baranda ya zauna a ƙasa, a cikin laka, gaban Hammadu.

Hammadu ya ce, "Na tambaye ka, Baba. Da bakina na tambaye ka."

"Ka tambaye ni."

"Ka ce mani magani ne kawai."

"Haka na ce."

"Tambaye ta, maganin ne ya zubar?"

Sila ya mayar wa Dakta daga inda yake zaune. Ta amsa, ya fassara.

"Ta ce ba ta sani ba. Zazzaɓin da kansa yana zubar da ciki, maganin ma yana iya yiwuwa. Ta ce ba za ta yi maka ƙarya ta zaɓi ɗaya ba."

Hammadu ya tsaya yana numfashi. Ardo ya matso ya dafa kafaɗarsa, ya yi masa magana da Fulatanci. A daidai lokacin Saloma ta buɗe ƙofa ta fito. Ba ta dubi mijinta ba. Ta ce wa Hammadu matarsa ta farka tana nemansa, sannan ta ɗaga murya kaɗan yadda na kusa za su ji.

"Ta ce in faɗa. Ta ce ita ba wanda ya yi mata magana ran nan, a kanta aka yi ta magana. Ta ce da mace ce ta ja ta ɗaki ta tambaye ta, da ta faɗa."

Hammadu ya miƙa wa Ardo sandar ya shiga ciki. Ardo ya ce wa mutanensa su ba mota hanya, maganar ta hakimi ce. Suka janye a hankali, suna waiwaye. Samarin Manga ba su tafi nan da nan ba. Ɗayansu ya zo ya tsaya kan Sila ya ce, "Uwata ma ta sha, Saje. Ita ma gwaji ne?" Sila ya ce eh. Yaron ya tofar da yawu gefe ya ɗauki fartanyarsa.

Washegari Dakta Beatrice ta dakatar da aikin, ta kai rahoton kanta ga waɗanda suka turo ta. An yi zama a gaban hakimi, wasu manya suka zo daga nesa suka yi tambayoyi, Sila ya maimaita musu abin da ya faɗa a baranda. Kafin ta tafi, Dakta ta samo wata nas 'yar Zuru mai suna Keziah, suka bi gida gida suna gaya wa waɗanda suka sha maganin abin da ya kamata a gaya musu tun farko. Wasu sun zage su. Wasu sun ce tunda sun warke ba su da magana. Wata tsohuwa ta ce da an gaya mata ma da ta sha, abin da ya ɓata mata rai shi ne an mayar da ita akuya. Aikin bai dawo Manga ba, kuma akwai masu ganin laifin Sila ta nan ma, suna cewa da ya rufe bakinsa ran nan da har yanzu ana samun magani kyauta.

Ya je ruga sau biyu. Na farko Hammadu bai fito ba. Na biyu ya fito, suka gaisa a tsaye, ya ce Allah ya riga ya rubuta, amma bai shimfiɗa masa tabarma ba. Da aka yi girbi ya kwashe shanunsa da iyalinsa ya koma wajen Dirin Daji.

Sila ya bar zaunar da mutane a coci, ya koma benci na baya. Fasto ya yi masa magana, ya ce ƙafarsa ce ke ciwo. Idan baƙi suka zo aka ce a kira Saje ya yi tafinta, yakan ce a nemi Keziah ko malamin makaranta. Saloma ta ce akwai lokacin da ya tambaye ta, suna ɓarar gyaɗa, ko da ya faɗi gaskiya ranar farko mutum nawa za su tsaya. Ta ce masa ba ta sani ba, shi ma bai ba su dama ba balle ya sani. Bai ji haushi ba, ya ce haka ne.

A shekarar 2009 Saloma ta je biki Dirin Daji, ta ratsa kasuwa. Da ta dawo da la'asar ta tarar da shi a tsakar gida yana gyaran ƙotar gatari. Ta ajiye kaya ta sha ruwa, sannan ta ce ta ga Hamdiyya a layin masu nono.

"Lafiyarta ƙalau?"

"Ƙalau. Ta yi ƙiba ma. Akwai goyo a bayanta."

"Nata ne?"

"Ban tambaya ba. Ta rungume ni, ta cika mini ƙwarya ta ƙi karɓar komai."

Ya juya ƙotar a hannunsa. "Ta tambaye ni?"

"A'a."

Ya gyaɗa kai. Saloma ta zuba masa nonon a kofi ta ajiye kusa da ƙafarsa, ta shiga ɗaki ta cire kayan biki.